ZBrush ko Blender? Amsa ga mai son gina lungun tsohon birni a cikin gem

Ƙanena, na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce kana son gina lungu ɗaya na tsohon birni a cikin gem: katangun ƙasa, zaure, ƙofar katako, turmi da 'yan tukwane, da kwata a tsakiya. Laftof ɗinka mai RAM gigabayit 16 ce da katin hoto GTX 1650. Ka iya Blender, manhajar gina siffofi ta kyauta, daidai gwargwado, kana tara kuɗi, amma ka rasa wadda za ka fara saya tsakanin ZBrush ta sassaƙa da Substance Painter ta fenti, wani kuma ya ce maka in ba ka iya Substance Designer ba kada ma ka soma. Can ƙasa ka ƙara da cewa, shin kowace katanga sai ka sassaƙa ta ita kaɗai?

Wannan tambayar da ka jefa a ƙarshe kamar ba komai ita ce uwa, kuma amsarta ce za ta raba maka gardamar sauran. A'a, ba za ka sassaƙa kowace katanga ba. Bari mu yi lissafi ka ga dalili da idonka.

Masu gina muhallin gem suna auna kyan fatar abu, wato hoton da ake lulluɓe siffarsa da shi, da yawan fiksel, ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, da ke hawa kan mita ɗaya. A gem ɗin da kake ganin bayan ɗan wasa, abin da aka saba shi ne fiksel 512 a kowace mita. A wanda kake gani da idon ɗan wasan kansa, kana iya kai hancinka jikin bango, akan kai shi 1024. Mu ɗauki 512. Katanga mai tsawon mita 20 da tsayin mita 3 tana buƙatar hoto mai faɗin fiksel 10,240 da tsayin 1,536, kuma fuska ɗaya ke nan, ba a zo bayanta ba. Hoto mai 4096 sau 4096 in ba a matse shi ba yana cin megabayit 64. In an matse shi da tsari mai kyau irin BC7 ya dawo 16, sai a ƙara kusan sulusi na ƙananan kwafin da inji, wato manhajar da ke tafiyar da gem ɗin, ke ajiyewa domin kallon nesa, ya zama wajen 21. Kowane abu kuma aƙalla hotuna uku yake ɗauka. Ka ga megabayit 64 ke nan a kan abu guda. Abubuwa 64 irin wannan sun cinye gigabayit 4 da ke cikin katinka kaf, ba a saka haske ba, ba a saka mutum ko ɗaya a lungun ba.

Ni kaina sai da na sha wannan ɗacin kafin na yarda. A farkon aikina na yi mako uku ina sassaƙa bango ɗaya, kowace tsaga da hannuna na zana ta, ina ta aika wa abokai hotuna suna yabawa. Ranar da na saka shi a injin, na matso da kyamara, sai na ga kamar an shafa masa man shanu, duk tsagogin sun narke. Hoto ɗaya ne na shimfiɗa a kan bango mai tsawon gaske, fiksel ɗin ba su isa ba. Wankin hula ya kai ni dare, kuma hular ba ta fita ba.

Don haka kafin maganar manhaja, ka raba kayan lungunka gida uku. Na farko manyan filaye: jikin katanga, ƙasan lungu, daɓen zaure, rufin soro. Waɗannan da fata mai maimaituwa ake rufe su, wato hoton da gefensa na dama ya dace da na hagu, na sama ya dace da na ƙasa, a jera shi kamar tayil ba a ga ɗinki ba. Hoto ɗaya mai 2048 yana rufe mita 4 sau 4 a ma'aunin 512, kuma shi ɗin zai rufe katangar mita 200 ba tare da ƙarin ko megabayit ɗaya ba. Na biyu dogayen abubuwa sirara: azara, dokin ƙofa, allunan ƙyaure, indararo, ratsin zanen da ke zagaye bakin zaure. Waɗannan akan tara su a hoto ɗaya, kowanne da layinsa daga wannan gefe zuwa wancan, tamkar yadda ake haɗa ƙyallen saƙi siri-siri a ɗinke su su zama zane ɗaya. Ni allon ratsi nake kiransa. Na uku su ne 'yan tsirarun da suka cancanci fatarsu ta kansu: turmi, randa, fuskar zaure mai dagi, wataƙila da tsohon kwaɗon ƙofa. A lungu irin naka, in ka ƙirga abin da ido ke gani, gida na farko da na biyu su ne kusan komai. Amma dubi abin mamaki: manhajojin nan biyu da kake tara wa kuɗi, gida na uku suka fi yi wa aiki.

Wannan ba dabarar talaka ba ce kawai, manyan kamfanoni ma haka suke yi. A taron masu gina gem na GDC na 2013, Joel Burgess da Nate Purkeypile na Bethesda sun nuna yadda aka gina kogunan dutse da kurkukun Skyrim da gunduwoyi ƙalilan masu haɗuwa da juna, ana juya su ana sake jerawa. A na 2015 kuma mutanen Insomniac Games sun nuna yadda suka rufe gine-ginen birnin Sunset Overdrive da allon ratsi mai tsari ɗaya, ta yadda za a sauya wa gini fata ba tare da an sake feɗe shi ba, wato sake shimfiɗa siffarsa a kan hoton.

Abin da za ka fara yankewa shi ne inji, da kuma na'urar da za a buga gem ɗin a kanta. In waya kake nufi, Unity ko Godot. In kwamfuta ce, Unreal ma ta shigo, sai dai Unreal 5 tana da nauyi, laftof ɗinka za ta ɗauke ta amma tana nishi. Za ka ji ana cewa tun da fasahar Nanite ta zo da Unreal 5 a 2022 an daina damuwa da yawan alwatika, wato ƙananan fuskokin da ake haɗa kowace siffa da su. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki ga mai babbar kwamfuta, amma Nanite ba ta rage nauyin hotunan fata ko kaɗan, lissafin da muka yi a sama yana nan daram, kuma ba za ta cece ka a wayar Android ta hannun jama'a ba. Da ka zaɓi inji, ka gina lungun duka da akwatuna farare, ka saka mutum mai tsayin mita 1.8, ka yi ta yawo a ciki. A nan za ka gane ƙofar zaure ta yi gajarta ko lungun ya yi faɗin titi. Ka lura, Blender da Unity da mita suke ƙirga, Unreal da santimita. Tun ran gini tun ran zane: girman da ka tsayar a wannan matakin shi zai gaya maka yawan fatun da kake buƙata, kuma gyara shi daga baya rushe gini ne.

Akwai tarko ɗaya da ya shafi ginin ƙasa musamman. Gunduwoyi masu haɗuwa, na mita 4 da 2 da 1 da kusurwa, sun dace da ginin bulo da siminti, domin shi a miƙe yake. Katangar tubali kuwa gindinta kauri, samanta siriri, tana da ciki tana da ƙugu, kusurwarta a dunƙule take babu kaifi. In ka jera gunduwoyi a miƙe za ka samu ginin bulo da aka yi wa fentin ƙasa, duk wanda ya taso a irin wannan lungu zai gane daga nesa. Abin da nake yi shi ne in bar bakunan gunduwa biyu daidai da juna don su haɗu, in kumbura tsakiyarta kaɗan, in yi iri uku. Dogayen katangu kuma nakan yi su jiki ɗaya, in lanƙwasa su da Lattice na Blender ko in bi da su kan layi mai lanƙwasa, tun da fatar mai maimaituwa ce ba ruwanta da tsawo. Inda ɗinki ya ƙi ɓuya, a kafa zanko ko a jingina tarin itace.

To, mu zo kan ZBrush da Blender.

ZBrush gwana ce, ba na musu. Kamfanin Pixologic ne ya fito da ita a 1999, a ƙarshen 2021 kuma Maxon na Jamus, masu Cinema 4D, suka sanar da sayenta, yanzu galibi biyan wata ko na shekara ake yi. Fifikonta a wuri uku yake. Da ƙwaƙwalwar kwamfuta da RAM take aiki, ba ta dogara da katin hoto ba, shi ya sa laftof irin taka za ta iya juya miliyoyin poligon, wato ƙananan fuskokin siffa, a cikinta ba tare da shaƙewa ba, alhali Blender takan fara ɗingishi tun kafin a je can. Sannan burushinta na dutse, irin su Trim Dynamic da Trim Smooth Border da hPolish, suna yanke fuska su bar kaifi mai kyau wanda har yau ban samu irinsa cif a wani wuri ba. Na uku Decimation Master da ZRemesher, masu rage nauyin abin da ka sassaƙa. Da a ce ka ce mini duwatsun Dala ko tsaunin Kufena za ka gina, ko gem mai cike da kogo da gumaka da sulke, da na ce ka fara tara kuɗinta.

Amma kai ƙasa za ka sassaƙa, abu mai laushi da dunƙulallen gefe. Clay Strips da Scrape da Crease da Draw Sharp na Blender sun ishe ka har da saura. Kana da Voxel Remesh na haɗa siffa da farko, da Multiresolution na ƙara ƙananan bayanai a kan siffar da ta zauna. Babbar riba kuma ita ce ba ka fita daga gida ɗaya: a nan ka gina, a nan ka sassaƙa, a nan ka feɗe, a nan ka fitar zuwa inji. Mai koyo yakan yi asarar kwanaki a kan hanya tsakanin manhaja da manhaja, girma ya sauya, abu ya kwanta a gefe, suna ya ɓace. Blender kyauta ce tun 2002, lokacin da jama'a suka tara Yuro 100,000 aka fanshi lambobinta aka sake su ga kowa ƙarƙashin jagorancin Ton Roosendaal a Holan, kuma tun fitowar 2.80 a 2019 ba wanda ke yi mata kallon kayan wasan yara. Mudbox da 3DCoat, su ma na sassaƙa ne, suna nan, ta biyun ma tana da kyau wajen fenti da sake saƙar raga, wato tsarin ɗigo da layukan da ke riƙe siffa, amma ban ga abin da zai kai ka can yanzu ba. In kana da tablet mai alƙalami, Nomad Sculpt tana da araha, sau ɗaya ake biya, kuma ranar da aka ɗauke wuta kana iya sassaƙa randarka a kan tabarma.

Abu guda da zan ce ka saya yau, kafin kowace manhaja, shi ne allon zane mai alƙalami. Ƙaramin Huion ko XP-Pen ya isa, ba sai Wacom ba. Sassaƙa da linzamin kwamfuta kamar yin yaɓe da cokali ne.

Bari in nuna maka yadda zan yi fatar yaɓe, domin ita ce za ta rufe rabin lungunka. Kafin in taɓa kwamfuta zan je in tsaya gaban tsohuwar katanga da hantsi ko da la'asar, lokacin da rana ke dukanta ta gefe. Za ka ga sawun yatsun magini, baka-baka, kowanne ya hau kan na ƙasansa, domin da tafin hannu ya shafe ta yana zagayawa. Za ka ga guntayen ciyawar da aka cuɗa da ƙasar sun leƙo. Za ka ga tsagogin ba su tafiya a miƙe, suna haɗuwa uku-uku kamar busasshen tabki. A Blender sai in ɗauki fili mai mita 2 sau 2, in sa masa Multiresolution, in kunna Tiling da ke cikin saitin Symmetry in ba shi tazarar mita 2, ta yadda duk shafar da ta fita ta dama za ta shigo ta hagu. In fara da manyan tudu da kwari da babban burushi, a hankali ƙwarai. Sai sawun yatsu da Clay Strips, ina sauya girma da kusurwa. Tsaga a ƙarshe, kuma kaɗan. Kuskuren kowa a nan shi ne ya zana wata tsaga mai ban sha'awa a tsakiya. Da an jera fatar sau goma, tsagar nan za ta fito sau goma a jere kamar hatimi. Fata mai maimaituwa dole ta zama mai kunya, kada wani yanki nata ya ɗaga murya. Tsakuwa da yashi kuma kada ka wahalar da hannunka a kansu, a matakin fenti ake yayyafa su.

Fata ta biyu ita ce tubali tsirara, inda yaɓe ya zube. Ka sassaƙa tubali biyar ko shida, masu faɗin gindi da tsinin kai yadda ake murza su da hannu, ka jera su sahu-sahu a filin mita 2, wanda ya fita ta gefe ka sa kwafinsa a ɗaya gefen, ka cusa ƙasa a tsakaninsu. Ta uku ƙasan lungu. Ta huɗu, in kana so, shafen makuba, mai jan duhun nan da ake samu daga ɓawon ɗorawa. Fatu huɗu ke nan, sun gama maka gida na farko.

Daga nan sai a kashe maimaituwar a cikin inji. Kana haɗa yaɓe da tubali a abu ɗaya, ka yi amfani da fentin ɗigon raga, wato launin da ake shafa wa ɗigogin ragar siffar kanta, wajen cewa nan yaɓe, nan tubali, ka sa taswirar tudu da kwari ta jagoranci haɗuwar don ramukan tsakanin tubali su fara cika kafin kawunansu su nutse. Kuma kada ka zubar da yaɓe inda ka ga dama. Ruwa ne ke cin ginin ƙasa: gindin katanga inda damshi ke hawa kuma awaki ke goga jiki, ƙarƙashin indararo inda ruwa ya yi hanya, da saman katanga inda damina ke duka. Tsagar nan mai kyau da na hana ka sakawa, yanzu lokacinta ya yi: ka yi ta a matsayin manne, ka liƙa ta sau ɗaya inda kake so. Haka baƙin hayaƙi a bangon mai ƙosai, da rubutun gawayin yara.

Shi wanda ya ce maka sai da Substance Designer, ba ƙarya ya yi ba, ya dai yi gaggawa. Designer ba a zane a cikinta da hannu, akwatunan lissafi ake haɗawa da igiyoyi har fata ta fito, kuma in an gama kana iya murɗa lamba ɗaya tsagogi su ƙaru ko launi ya sauya. A manyan kamfanoni akwai mutanen da aikinsu ke nan kawai. Amma koyonta na watanni ne, kuma sawun hannun mutum a jikin yaɓe yana cikin abubuwan da suka fi wuyar fitarwa da lissafi, alhali da alƙalami aikin yini ɗaya ne. In kana son ɗanɗana wannan hanyar ba tare da sayen kifi a ruwa ba, ga Material Maker, kyauta ce, an gina ta a kan Godot, tunaninsu ɗaya. In ta shige ka, ka san Designer za ta karɓe ka.

Akwai hanya ta uku da kake da fifiko a kanta fiye da wanda ke zaune a Turai, wato ɗaukar hoton abin gaske. Poly Haven da ambientCG suna ba da fatu kyauta ba sharaɗi, ka ɗebi katako da ƙarfe da yashi a can. Megascans na Quixel, da Epic masu Unreal suka saya a 2019, an mayar da shi kasuwar Fab a 2024 kuma yawancinsa yanzu da kuɗi ne. Amma yaɓen garinku da wuya ka same shi a ɗayansu, alhali yana bayan gidanku. Kana ɗaukar hotuna da yawa na abu ɗaya ta kowane gefe, kowane hoto ya hau kan kusan kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi, manhaja ta haɗa su su zama siffa. The Vanishing of Ethan Carter, da wani ƙaramin kamfanin Folan ya fitar a 2014, da wannan dabarar ya yi suna. RealityCapture, wadda yanzu ake kira RealityScan, kyauta ce tun 2024 ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba, Meshroom ma kyauta ce kuma tana son katin Nvidia irin naka. Sharaɗin shi ne haske marar inuwa, domin inuwar da ta shiga hoto ta zauna a fatar ke nan, rana ta juya a gem ita ba ta juya ba. Ranar hazo mai kauri a lokacin hunturu ita ce ranarka, ko safiyar da hadari ya rufe sama. Ka nemi izinin mai gida tukuna, kada a ga baƙo yana zagaya katangar mutane da waya.

Saura gida na uku, kuma a nan ne Substance Painter take da baki. Ɗauki turmi. Za ka sassaƙa shi da nauyi, da tsagar da ta bi tsawon icen da lotsawar baki inda taɓarya ke duka. Sai ka yi masa kwafi marar nauyi, alwatika dubu ɗaya ko biyu. Ga abin da ba ya motsi kamar wannan, Decimate da ɗan gyaran hannu ya wadatar, ba sai ka saƙa raga mai kyau kamar ta fuskar mutum ba. Sai ka feɗe marar nauyin, ka shanya fatarsa a fili kamar ta ragon layya, shi ne UV. Sai gashi: a kwashe bayanan mai nauyin a zuba su cikin taswirar nomal, wadda ke yaudarar haske ya ga tsaga inda babu tsaga.

Gashin nan shi ne inda ake kuka, don haka ka riƙe waɗannan. Duk gefen da ka sa ya zama mai kaifi, dole ka yanka UV a wurin, in ba haka ba baƙin layi zai fito. Ka bar tazara tsakanin yankunan fatar, kamar fiksel 16 a hoton 2048, saboda kada launuka su malala cikin juna daga nesa. Ka tabbatar da girman abin da Ctrl+A kafin komai. Ka mayar da ragar alwatika kafin gashi, kuma wannan ragar ɗin dai ita za ka kai inji. Taswirar tudu da kwari ka ajiye ta a bit 16, in ba haka ba za ka ga matakala a inda ya kamata a ga santsi. Blender tana gashi ta Cycles, sashenta mai lissafin haske, da zaɓin Selected to Active, tana yi amma da jan rai, taswira ɗaya-ɗaya. xNormal tsohuwa ce kuma kyauta, har yanzu tana aiki. Marmoset Toolbag ita ce ta fi daɗin gashi a duk waɗanda na taɓa, kana gyara keji, wato iyakar da gashin ke kwaso bayanai daga cikinta, kana ganin sakamako nan take, amma wani kuɗin ne. Painter kuwa tana gasa duka a danna ɗaya, kuma in ka sa wa sassan suna mai ƙarewa da _low da _high za ta haɗa kowanne da ɗan'uwansa, ƙyaure ba zai zubo wa dokin ƙofa inuwarsa ba.

Sannan ga abin da ya taɓa ba ni kunya gaban wanda ya ba ni aiki. Na kai masa bango, ya buɗe a injinsa, duk tsagogin sun kumburo waje kamar jijiyoyi, tudu ya koma rami. Na kwana ina sake gashi a banza. Ashe taswirar nomal iri biyu ce, bambancinsu launin kore kawai: Blender da Unity da Godot suna bin tsarin OpenGL, Unreal tana bin na DirectX. A Unreal akwai ɗan akwati mai suna Flip Green Channel, dannawa ɗaya ce. Haka Unity, santsi take tambaya a inda sauran ke tambayar kaushi, sai an juya hoton fari ya koma baƙi.

Abin da ya sa Painter ta zama ta kowa, tun kamfanin Allegorithmic na Faransa ya fitar da ita a 2014 har Adobe ta saye su a 2019, shi ne tana karanta taswirorin da ta gasa ta san ina ne gefe, ina ne lungu, ina ke kallon sama. Sai ka ce ƙura ta kwanta a sama, datti ya taru a rami, gefe ya goge. Amma kada ka bar mata aikin duka, domin fatun da take zuwa da su kowa ya san fuskarsu. Turmin gaske bakinsa da cikinsa sun yi sheƙi saboda hannu da hatsi, gindinsa ya yi duhu saboda damshin ƙasa, kuma wannan da hannunka za ka sa shi. Wajen launi, kada ka zana inuwa ko haske a ciki, aikin inji ne. Kada ka yi baƙi ƙirin ko fari fat, ka tsaya tsakanin 30 da 240 a ma'aunin 255. Ma'aunin ƙarfe ko sifili ko ɗaya, kuma a lungunka kusan komai sifili ne, har tsatsar kwaɗo, domin tsatsa ba ƙarfe ba ce a idon haske. Taswirar kaushi ita ce mutane ke rainawa, alhali ita ke bambanta randa mai raɓa da busasshiya. Inuwar lungu da kaushi da ƙarfe kuma a cusa su a hoto ɗaya, ja da kore da shuɗi, hotuna uku sun koma ɗaya.

Ga hukuncina a kan kuɗinka. Allon zane yanzu. Blender ga gini da sassaƙa da feɗewa. Fatu masu maimaituwa daga sassaƙarka da hotunanka da Material Maker. In kuɗi ya taru na manhaja ɗaya, Painter, kuma ka duba ta a Steam, kasuwar gem ta intanet, inda ake sayar da fitowar shekara a biya sau ɗaya ta zama taka, maimakon biyan wata da dala. In kai ɗalibin jami'a ne ka duba lasisin ɗalibai na Adobe kafin ka biya ko sisi. Kafin nan, Ucupaint ƙari ne na kyauta a Blender da ke ba ka fenti hawa-hawa, ArmorPaint ma tana nan da ɗan kuɗi kaɗan. ZBrush sai ranar da ka ga Blender ta tsaya maka a wuya a kan wani aiki takamaimai, ko ka nufi neman aiki a kamfanin da ya rubuta sunanta a sharuɗɗansa. Fasassun manhajoji da ake turawa a filasha kuwa ka bar su: ban da cutar da suke shigo da ita, ranar da ka fara sayar da aiki ko wani kamfani ya nemi fayilolinka, za su zame maka ƙaya.

Wannan makon kada ka gina lungu. Ka gina katanga ɗaya mai mita 4, da indararo ɗaya da zanko ɗaya. Fatar yaɓe, fatar tubali, haɗuwarsu a gindi da ƙarƙashin indararon, ka kai ta cikin injin da ka zaɓa, ka sa rana ta dake ta ta gefe. Ka ɗauko mini hoto uku, ɗaya daga mita 10, ɗaya daga mita 2, ɗaya hancinka a jikin bangon, ka haɗo da hoton UV ɗin da kuma adadin megabayit da fatun suka ci. Ka riƙa danna Ctrl+S kafin kowane gashi, batirin laftof ba ya jure Cycles.